Haruffa Biyu a Ƙarƙashin Fiffike

Babayo yana tsugune a wata rumfa a kasuwar Guangyuan ta ƙasar Sin, yana zaɓar kwandalolin Jamus na jabu da matan Kano ke ratayawa a sarƙa, sai ga wani tsohon Bature ya tsaya a kansa. Dogo ne, ya ranƙwafa, ga kwat mai nauyi cikin wannan zafi. Ya ɗauki kwandala ɗaya, ya zaro ɗan gilashi ya manna a ido.

Mai rumfar, Basine, ya daina murmushi. Ƙafarsa tana tura kwali ƙarƙashin tebur. "Meiyo, laoban! Babu!" yake ta faɗa, alhali ba a tambaye shi komai ba. In jami'i ne fa? in ji Babayo a zuci. Ga kayan a hannunsa, ga bizarsa ta ƙare shekaranjiya.

Tsohon bai kalli kowa ba. Babban yatsansa mai kanta yana bin gashin mikiyar da ke jikin kwandalar ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba hannun ɗan sanda ba ne, in ji Babayo a ransa. Hannu ne da ya tsufa yana zana kan sarki da kwabbai.

Can sai tsohon ya miƙo wa Babayo gilashin. A ƙarƙashin fiffike akwai haruffa biyu, ko ƙwayar gero ta fi su girma. Ya nuna su, ya dafa ƙirjinsa.

Ashe shi ya zana ainihin kwandalar. Masu jabun sun kwafe har da haruffan sunansa, ba su sani ba.

Tsohon ya biya abin da aka faɗa. Bai nemi ragi ba.