Miyar da Inna Ta Cire wa Yaji Saboda Ni

Baba manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu. Lokacin shanya har tufafinmu ƙamshinsa suke yi. Inna kuwa ba ta jin ta ci abinci sai miya ta sa ta gumi.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ciwon ya soma. Murɗar ciki, zawo wani lokaci har da jini, na rame har zane ya daina zama a ƙuguna. Aka yi ta ba ni maganin tsutsa da na taifot. Daga baya abin ya bi jiki. Gwiwoyina suka kumbura, sai a zaune nake salla. Bakina ya cika da ƙuraje, idona na hagu ya yi ja, ba ya son rana. Sai da kawuna ya kai ni Yamai aka duba hanjina da na'ura, likita ya ce ciwon Crohn ne. Ya ce ba ya warkewa amma yana lafawa da magani, kuma gwiwar da idon da bakin duk shi ne. Na tambaye shi ko yaji ne ya jawo. Ya ce a'a, sai dai in kauce masa idan ciwon ya motsa.

Da na dawo Diffa na faɗa wa Inna haka. Ta saurara, ba ta yarda ba. A ganinta girkinta ne ya ƙona mini hanji tun ina ƙarama. Daga ranar ta cire barkono da tattasai daga tukunyar gidan baki ɗaya. Na roƙe ta ta riƙa ɗibar mini nawa kafin ta zuba, ta ce ba za a ware ni kamar baƙuwa ba. Baba ya riƙa cin tuwonsa shiru. Ƙannena suna barin rabi a kwano. Ba wanda ya taɓa yi mini ƙorafi, kuma da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Muna da maƙwabciya, wata mata da ta gudo daga Najeriya da 'ya'yanta, tana sayar da ɗanwake. Wata rana da la'asar idona ya tashi, na fita neman Inna ta ɗiga mini magani. Na same ta a gidan matar, a tsugune bayan zana, da kwanon ɗanwake ja wur da yaji. Tana ci da sauri tana share hanci, ga buta a gefenta don ta kurkure baki kafin ta dawo. Da ta gan ni sai ta tura kwanon bayanta.

Mace mai jikoki, tana ɓuya don ta ci abin da mijinta yake nomawa. Na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Inna, ki ci abinki. Wallahi ba ke ba ce."

Ta ce, "Na ƙoshi. Muje in sa miki maganin."

Ba ta ƙara taɓa kwanon ba, kuma ba mu sake tada maganar ba.

Yanzu na yi aure, ina can ɗaya gefen gari. Ciwon yana zuwa yana tafiya, akwai watannin da gajiya ba ta barina in share tsakar gida. Ƙanwata ta gaya mini yaji ya koma miyarsu, amma duk ranar da na ce zan zo, tun da safe Inna take hana a jajjaga. Don haka na rage zuwa. Ita kuma takan kira ni a waya ta tambaya ko wani abu ta yi mini, in ce mata gwiwa ce ta hana ni. Wani lokacin gaskiya nake faɗa.