Fitilun da Suka Gano Akuya

A shekarun farko na mulkin kai, aikina a filin jirgin saman garin Tawa shi ne duba fitilun da aka jera gefen hanyar sauka. Shugabanmu ba ya yarda a tada injin wuta sai da rana tsaka, lokacin da yake nan. A hasken ranar ƙasarmu ta Adar kuwa, ko fitila na ci ba ka gani. Dabarata ita ce in durƙusa, in lulluɓe kaina da fitilar cikin babbar rigata, in leƙa, in wuce ta gaba.

Ashe mutanen ƙauyen Kalfu masu zuwa kasuwa suna tsayawa kallona. Wata Lahadi na fiddo kai, gumi sharkaf, sai ga wata tsohuwa durƙushe da jan zakara a hannu.

Ta ce, "Malam, tambayar mini fitilun nan, ina akuyata ta shiga?"

Na ce, "Inna, ni mai gyaran wuta ne, ba boka ba."

Ta ƙi tashi. Haushi ya kama ni, na nuna gabas don in rabu da ita.

Akuyar kuwa tana gabas. Da Lahadi ta zagayo, layin mutane ya fi na fitilu tsawo. Na uku a layin shugabanmu ne, agogonsa ya ɓace.