Ungulun Kafilina

Aikin direba aka ɗauko ni daga gida, amma da kiwon ungulu na ƙare a Riyad. Kafilina, Balaraben da fasfona ke hannunsa, yana da gidan gona can gaba da unguwar Sulai inda yake tara tsuntsaye. Wata rana aka sauke masa wata a cikin akwati, wai daga duwatsun Kudancin Amurka, wai kwandor ake ce mata. Na leƙa na ga kai a sanƙo, farin gashi ya zagaye wuya, fiffike kuwa in ta buɗe tabarma ba za ta rufe shi ba. Ni dai na ce ungulu ce, gata kawai ta samu. Ɗakinta da esi, namu na kwano ko fankar kirki babu.

Sai ta ƙi cin abinci. A kawo mata tsoka a faranti, a tsaya a kanta ana lallashi. Ni ɗan mahauci ne, a kwata na tashi, ban taɓa ganin wanda ya yi wa ungulu ladabi ba. Ran da aka tura ni shara ɗakinta, haushi ya sa na watsa mata kayan cikin rago a ƙasa, na juya baya kamar yadda Baba yake yi. Ta diro ta cinye tas. Kafili ya yi ta masha Allah yana dafa mini kafaɗa, ni kuma sakarai ina ta washe baki.

Daga ranar ya yanke cewa ba ta ci sai a hannuna.

Ana haka ƙanwata ta bugo waya, ta ce jikin Baba ya yi tsanani, sunana yake ta kira. A lokacin ba ka barin ƙasar sai kafili ya ba ka huruj, izinin fita. Na roƙe shi, ya ce bukra insha Allah, wato sai gobe. Na koma, ya ce a bari ta gama sake gashi. Na koya wa wani Bangali abokin aikina watsa hanji da juya baya, ta ci a gaban idon kafili, ya ce dace ne, ba zai yi gwaji da tsuntsuwarsa ba. Wallahi na tsane ta. Har na yi tunanin bar mata ƙofa a buɗe, sai na tuna ita ma ba ta san hanyar gida ba.

Ina wanke mata mazubin ruwa aka bugo cewa Baba ya cika. Kafin rana ta faɗi an kai shi, wasu ne suka ɗauki makararsa. Washegari kafili ya tako har ɗakinmu na kwano, ya yi mini ta'aziyya da addu'a mai tsawo. Da zai fita sai ya juyo.

"To yanzu ai babu sauran gaggawa," in ji shi. "Ta ci yau?"

Ta ci. Ni na ba ta.