Takardar da Kaka Ta Hana a Karanta

Duk shekara, idan ƙamshin suyar naman layya ya hauro daga ɗakunan maƙwabtanmu na ƙasan bene a nan unguwar Safa ta Jidda, nakan ajiye abin da ke hannuna in zauna. Jikokina sun ɗauka hawan jini ne. Ban taɓa gyara musu ba. Kai mai karatu zan faɗa maka, tunda da wahala na koyi rubutun nan kuma ban koye shi don ado ba.

A unguwar Ruwais na tashi, a wani gida mai ɗaki uku da iskar teku ta cinye wa ƙofa. Babana ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, ita ke riƙe da gidan. Da ƙafa ta zo aikin hajji tana amarya, ita da ƙanwarta da mazajensu. A wani gari a Sudan ciki ya yi wa ƙanwar nauyi, mijinta ya ce za su tsaya ta haihu, su biyo baɗi. Ba su biyo ba.

Babbar Sallah a gidanmu ba ranar hutu ba ce. Maƙwabtanmu Larabawa na karyawa da cuku da zaitun, mu kuwa hayaƙi ne a ido tun daga saukowa idi. Kaka takan soya naman har ya yi duhu, ta barbaɗa yaji, ta danna shi cikin langa, ta kwarara kitse a kai ya daskare. Tsoka bibbiyu muke samu, mu 'yan gida. Sauran na alhazai ne.

Bayan kwana bakwai, idan alhazai sun dawo Jidda jiran tafiya gida, sai ta ɗora mini langa a kai mu nufi masaukinsu. Zafi kamar a gasa mutum. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa nama, ta yi tambaya guda: "Alhaji, daga ina? Ka san wata mai tsaga uku a kumatu, da ta taɓa zama a Sudan?" Wasu su yi dariya, wasu su yi addu'a. Kaka ba ta fushi. Ta matsa gaba.

Ina da wajen shekara goma sha ɗaya wani tsoho ya tare mu.

"Ke ce mai naman?" ya ce. "Wani ya ba wani, wanin ya ba ni. Ni ban san abin da ke ciki ba."

Ya miƙo takarda a ninke. Kaka ba ta karɓa da hannu ba, gefen mayafinta ta tara.

A sanin Kaka, labarin alheri da baki yake zuwa. Mutuwa kaɗai ake rubutawa, saboda ba mai son ya faɗe ta. Da boko aka rubuta takardar, Baba kuwa sai Larabci. Ya ce akwai wani malami a unguwar Kurayyat da zai karanta mana.

"Halas, a bar maganar," in ji Kaka. "Ba wanda zai kashe mini ita sau biyu."

Ta yi zaman makoki na kwana uku. Daga shekarar nan ba ta sake zuwa masauki ba. Suya dai ba ta fasa ba, sai dai a ƙofar masallaci ake rabawa, sadaka ga mamaciya. Haka har Allah ya karɓi ranta.

Na haura arba'in kafin wata maƙwabciya, tsohuwar malamar firamare daga Najeriya, ta fara koya mana boko bayan la'asar. Shekara biyu ina fama. Ran da na iya haɗa baƙi, na ciro takardar daga ƙasan langa, inda ta yi shekaru tana shan kitse. Layi shida ne. Daga ƙanwar Kaka ne, tana raye. Ta koma gida, ta haifi bakwai, idonta ya fara rauni. An ba ta labarin wata tsohuwa a Jidda mai raba nama tana cigiyarta. In Yaya ce, ta aiko ko da tsoka ɗaya ta hannun alhazan garinsu. Ta hannun suyar za ta gane.

Tsoka ɗaya. Mu da muka ciyar da rabin duniya.

Ba zan ce ƙaddara ce in yi shiru ba. Kaka ta ji tsoro, Baba ya bi ta, ni kuma na girma ina wuce takardar nan kullum. Da na aika cigiya garinsu, an ce an daɗe da binne ƙanwar Kaka.

Yanzu 'ya'yana ta waya suke biyan layya, ba su ga ragon ba balle jini. Ni dai ina sayen nama in soya. Bana ƙaramar jikata ta leƙo, ta toshe hanci, ta tambaye ni da Larabci na wane ne.

Na zaunar da ita, na ɗora mata takardar a cinya.

"Yalla," na ce. "Fara daga harafin farko."