Hamma Mai Kallon Sama

Duk wanda ya san kasuwar Roni ya san Hamma, dogon Bafulatanin nan mai tafiya haɓa a sama kamar ana ɗura masa magani. Ba girman kai ba ne, sana'a ce. Tun yana saurayi, in dabba ta ɓata a cikin duwatsu, shi ake kira. Kowa ƙasa yake duba yana neman sawu, shi kuwa sama. In saniya ta faɗa kwazazzabo ta karye, ungulu ne ke fara sani, su taru suna kewayawa a kanta tun da sauran ranta. Sai Hamma ya bi su da sanda da wuƙa, ya isa kafin rai ya fita, a yanka, nama ya halatta. Sau biyu yana faɗawa rami garin kallon sama, bai daddara ba.

Wata shekara baƙi biyu suka sauka a rugarsu, suka sha fura, suka tambayi inda ungulayen ke kwana. Hamma da daɗin an zo ana tambayarsa, ya kai su har gindin kukar da suke kwana a kai, yana ta zuba bayani. Bayan mako ya koma, ya tarar da mushen jaki da aka barbaɗe da guba, ga ungulu zube ko'ina, duk an cire kawunan. Ashe masu haɗa magani ake kai wa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Fatu ta rasu ba ta sani ba. Tun daga nan ungulu suka yi ta raguwa, har sama ta zama fayau.

Yaransa suka kora shanu kudu, suka bar masa tsohuwar saniya guda, Fure. Da ita yake hira, kuma ya ce ta fi surukansa hankali.

Bara da kaka Fure ta tsinke igiya. Hamma ya wuni yana yawo, washegari ya shigo kasuwa ko wani ya gan ta. Baba Kura, Babarbare mai sayar da kanwa, abokin wasansa, ya hango shi.

"Kai bawana! Saniya kake nema a sama? Fiffike ta yi?"

"Rufe mini baki, mai fuska kamar an yi huɗa."

"To duba ƙasa mana, kamar mutane."

"Ban iya ba," in ji Hamma.

Baba Kura ya buɗe baki zai ƙara, ya ga fuskar mutumin, ya fasa. Ya ƙulle kanwa a leda ya miƙa masa. "Ka kai mata, in ka same ta."

Hamma ya san Fure tana wani wuri a kwance, ga wuƙa a ƙugunsa ya wasa. Abin da yake roƙo kawai ya same ta da rai, kada ta tafi a mushe bayan shekara goma sha biyar tana ba shi nono. Ya hau wannan dutse ya sauka, ya hau wancan. Ban da shirwa ɗaya mai neman 'yan tsaki, babu komai a sama.

Rana ta uku wari ne ya kai shi. Tana cikin wani kwazazzabo, ko nisan kiran sallah babu daga bukkarsa. Sau huɗu yana wucewa ta bakin wurin, ido a sama. Ƙasar gefenta duk ta tone da shure-shure.

Mutanen ruga suka zo da fartanya za a binne. Hamma ya ce a bar ta a buɗe. Suka kalli juna suka tafi, ana cewa tsoho ya fara zarewa.

Ya ajiye ƙullin kanwar kusa da kanta, ya tara duwatsun jifan karnuka, ya zauna a inuwar aduwa. Ya ɗaga haɓa.