Amfilifayar masallacin Jiga Birni

Kawuna ne ladanin masallacin unguwarsu a Jiga Birni tun ina yaro. Da tsufa ya kama shi, kiran salla ya daina kaiwa gonakin albasa na bakin gari, mutane suka fara ƙunƙuni a canza shi. Abin da ya rufa masa asiri shi ne amfilifaya, injin da ke ƙara ƙarfin murya. Kowa ya san tana ciwo: a kunna ta murya ta fito siririya, jim kaɗan ta ɗau zafin da hannu ba ya iya zama a kanta. Duk wanda ya ce tsoho ya gaza, sai a ce masa laifin inji ne.

Ni gyaran rediyo nake yi a Jega, don haka dattawan masallaci suka aiko in zo. Na hau babur ina jin kaina, wai zan je in fitar da kawuna kunya.

Abin da na tarar ya ba ni haushi. Mutanen nan albasa suka sani, komai kuma kallon albasa suke masa. Sun lulluɓe injin da buhu, sun ɗora tsohuwar darduma a sama, wai kada ƙura ta shiga. Zanzaro ya gina gida a cikin fanka har ta ƙi juyawa. Sannan duk mai jin kansa a unguwar ya sayo lasifika ya juya ta wajen gidansa, aka murɗe wayoyinsu gaba ɗaya a baki guda. Injin da aka yi don lasifika kaɗan shi ke jan kayan gari guda. Da na sa mitar awon wuta, sai na ga ɗaya daga cikin transisto biyu masu ba murya ƙarfi ya riga ya ƙone, ɗan'uwansa ke wahala shi kaɗai.

Ina cikin kwance kusoshi Kawu ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, dole sai ka gyara shi duka?"

Na yi dariya, na ce, "Haba Kawu, ai yau har Aliero sai an ji ka."

"Mi ad daɗin Aliero?" in ji shi. "Ka bar mashi ɗan ciwo nai."

Na ɗauka tsokanar tsufa ce. Na canza transisto, na shafa man sanyi a ƙarfen da ke ɗauke zafi, na kakkaɓe gidan zanzaro, na sake tsara wayoyin lasifika yadda injin zai iya ɗauka. Buhun kuwa na wurga shi waje, na zage wanda ya rufe injin da shi ba tare da na tambayi ko wane ne ba.

La'asar ta yi, Kawu ya kama makirfo. Injin ya yi aikinsa babu ha'inci. Ya ɗauki duk abin da aka ba shi ya kai har bayan gari: hakin tsoho, rawar maƙogwaro, iskar da ke fita ta inda haƙora suka zube, da tarin da ya tsinke masa kalma a tsakiya. Samari masu alwala suka sunkuyar da kai suna dariya. Wani dillalin albasa, da ƙafarsa ɗaya a cikin takalmi, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ashe injin muka zalunta."

Dattawan masallaci ba su ko bari an watse ba. Ana sallamewa suka yi masa godiyar nan ta munafunci, suka ce ya huta hakanan, suka miƙa makirfo ga wani surukin liman. Don kada a ce sun kore shi, sai suka ba shi aikin kula da amfilifaya. Shi zai kunna wa sabon ladani, shi zai kashe. Har yau idan na tuna wannan kirkin nasu raina ɓaci yake yi.

Da damina na bi ta garin zan je Maiyama, na tsaya gaishe shi. Na same shi zaune a ƙasa kusa da injin, murya mai ƙarfi na tashi a saman kansa. Bai amsa gaisuwata ba sai da aka gama kira. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya bar shi a nan, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Taɓa ka ji," in ji shi. "Sanyi ƙalau. Ka iya aiki, ɗana."