Kuncin Hagu na Mama Rachael

Duk hoton Mama Rachael da ke garin Zuru, kuncinta na dama ne a ciki. Na hagu kuwa man ƙosai ya cinye shi tun tana matashiya a barikin soja, ran da kasko ya kife tana fizgo ɗanta Joel daga bakin murhu. Yaron ya tsira ko ƙwarzane babu. Ita ta tashi da tabo daga kunne har haɓa, da ɗabi'ar karkata wuya da zarar ta hangi mai hoto.

Mijinta, Kofur Kefas, bai daɗe da ajiye kaki ba ya rasu. Ta riƙe 'ya'ya biyu ita kaɗai: da damina noman dawa a wajen Mahuta, da rani ta koma bakin kaskon da ya ƙone ta. Da shi ta kai Joel makaranta, da shi ta kai ƙanwarsa Glory kwaleji, inda yarinyar ta tsallake aikin jinya da kowa ya so mata, ta zaɓi zanen hoto. Mace ce da ke kashe maciji da fartanya ba ta kira kowa ba, amma hoto kam tsoronsa take ji, kuma abin yana ba ta haushi.

Bana zumuntar mata ta cocinsu ta shirya karrama dattijai. Aka ce kowacce ta kawo hoto babba a jingina gaban jama'a. Rachael ta san ƙarshen irin wannan hoto. Shi za a ɗora kan akwatinta ran da ta mutu, shi jikoki za su sani.

Joel ya riga kowa. Ya kai tsohon hotonta shagon masu gyara da kwamfuta, aka goge tsagar gidansu, aka share bakin tabon da ke leƙowa ta haɓa, aka haska fata har ta zama kamar ta matan tallar man shafawa. Ba don mugunta ya yi ba. Tun da ya yi wayo, ganin tabon nan ciwo yake masa.

Glory kuma ta sauko daga mota da allon hoton da ta zana a naɗe cikin zane. Ta buɗe shi a gabansu. Fuska ce a farfashe kamar tukunyar da aka harhaɗa: hanci ya kalli gefe, idanu biyu ba su daidaita ba, ga kuncin dama, ga na hagu da tabonsa ja-wur, duk a fili ɗaya. Ta ce salo ne da suka koya, wai shi kubizim, ana zana mutum ta kowane ɓangare lokaci guda.

"Wanga ai cin mutunci ne," in ji Joel. "Mama ce kika mayar dodo?"

"Yaya, kai da ka mayar da ita baƙuwa fa?"

Rachael ba ta kula su ba. Ta daɗe tana kallon allon, ranta ya sosu, don babu wanda ya taɓa dubar tabon nan sosai har ya san inda ya lanƙwasa. Sai ta tuna uwarta, maginiyar tukwane a kan dutse, wadda ba ta juya tukunya, ita ce ke zagaya ta tana ginawa.

"Mai hoto wuri ɗaya yake tsayawa," in ji Rachael. "Wagga yarinya zagaya ni ta yi. Ga idon da ke kan kasko, ga wanda ke kan yaro." Ta juya ga hoton Joel. "Wannan kyakkyawa ce, ɗana, amma ban san ta ba. Ba ta taɓa fid da kowa daga wuta ba."

Joel ya sunkuyar da kai.

Ran taro ta ƙi hawa babur. Ta ɗora allon a kafaɗa yadda matan ƙasarsu ke ɗaukar kaya, ta taka har coci. An yi dariya, ba za a ɓoye ba. Shugabar zumunta ta tambaya a hankali ko a kife aka ajiye shi. Rachael ta ce daidai yake, ta zauna kusa da abinta.

Da aka zo ɗaukar hoto, Lukuman mai hoto, wanda ya san halinta shekara da shekaru, ya zagaya da kansa ta damanta. Wuyanta ya fara karkata kamar kullum. Ta tsayar da wuyan.

"Dawo nan, Lukuman," ta ce. "Ta gaba za ka ɗauke ni."